Fuskar Mai Awo a Bangon Shagon Auduga

Bilkisu ce ta turo min hoton a waya, ba ta rubuta komai a ƙasansa ba. Tsohon shagon auduga na Ikara ne, an jingina masa tsani, birkiloli biyu suna yaɓe bangon baranda da siminti. Da na kira ta sai ta ce wanda ya sayi ginin zai yanka shi shaguna huɗu, ɗaya na caji, ɗaya na magani, sauran ba ta sani ba. A hoton siminti ya riga ya cinye akuyar da yarinyar da ke cikin zanen bangon, saura mai awo shi kaɗai riƙe da mudunsa, kuma na san shi ma bai kwana ba.

"Baba, yau dai mun huta," in ji ta, tana dariya.

Na taya ta dariyar. Amma da na ajiye wayar sai na ga bango zai tafi da maganarsa, ku kuma a bar ku da ta mutane. Ku uku kun tashi ana kiran ku 'ya'yan Mai Tauye, domin fuskar macucin da ke jikin bangon nan tawa ce, kuma ni na zana ta da hannuna. Auwalu ya sha dawowa gida da yagaggiyar riga saboda sunan. Dangin uwarku na Makarfi sun gaya muku wai na tozarta kakanku ne da gangan, daga baya tsoro ya kama ni. Dangina na Furana kuma sun ce mace ce ta juya ni na sayar da ubana. Kowa ya faɗi wadda ta yi masa daɗi. Uwarku ta roƙe ni kada in buɗe baki muddin tana raye, na kuwa cika mata. Yanzu ta koma ga Mahaliccinta, kakanninku duka biyu sun riga ta, saura ni, ni ma ba wani tsawon hanya ya rage min ba.

Ginin nan ya girme ni. Da na fara saninsa kasuwar auduga ce, inda manoman Ikara da ƙauyukanta suke kawo amfaninsu a auna wa kamfani. Da auduga ta mutu aka mai da shi sito na takin zamani, da taki ya ƙare aka garƙame shi, jemagu suka gaje shi sama, awaki ƙasa. Bayan zamanin da zan ba ku labari kun gan shi da idonku yana gidan kallon ƙwallo, ya kuma yi shekara biyu yana wurin ɗinki. Ni dai a raina har yau shagon auduga ne. Ina ɗan shekara tara Babana Tanko ya tafi da ni can, muna kora jakinmu da buhuna biyu. Layi ne dogo, rana ta take, kowa ya zuba wa allurar sikeli ido. Ni gajere ne, ba na hango allura, sai nake kallon ƙasa. A nan na ga babban yatsan akawun da ke awo ya shiga ƙarƙashin faifan sikelin yana ɗaga shi kaɗan, duk lokacin da aka ɗora buhu. Na ɗaga kai, muka haɗa ido. Matashi ne fari, ba gemu, da bille a kuncin hagu da wani ɗan yanka a gira. Bai razana ba. Murmushi ya yi min, ya ɗora yatsa a leɓensa. A hanyar komawa na gaya wa Baba, ya ce in ja bakina in yi shiru, kowa ya sani, wanda ya yi magana audugarsa lamba biyu za a kira ta ko da ta fi madara fari. Shekarar nan aka sayar da jakin, daga nan Baba da kansa yake ɗaukar kaya har wuyansa ya kama ciwon da ya mutu da shi.

Na girma na zama mai fenti. Bayan manyan motocin da ke jigilar rake daga Makarfi da Kudan, rabinsu ni na yi musu zaki da mikiya da "Allah ya kiyaye hanya". Dabba ba ta ba ni wuya. Fuskar ɗan Adam ce matsalata, domin hannuna bai iya ƙirƙirar ta ba, sai wadda idona ya taɓa gani. Wannan aibi ne a sana'armu, ban kuma taɓa ɓoye shi ba. A wajen aikin motocin nan na haɗu da kawunku Lawal, ta dalilinsa na ga uwarku Hajara, aka yi aure. Mahaifinta Alhaji Shehu babban dillalin mazarƙwaila ne a Makarfi, dattijo mai cikar gemu da farin tabarau, wanda ake ba wa sahun gaba a masallaci. To ku 'yan zamani da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon waya tare ba za ku gane abin da zan faɗa ba. Shekara bakwai ina surukinsa ban taɓa kallon fuskarsa ba. Tun daga bakin zaure nake cire takalmi, in durƙusa, idona a tabarma har in tashi. In na hango shi a kasuwa sai in sauya layi. Na san muryarsa, na san tarinsa, na san ƙanshin turarensa. Ƙafarsa ma da nake kallo kullum, cikin huffi take rani da damina, da a fili take wataƙila da na gane yatsan.

A shekarar da abin ya faru, wata malamar firamare, Malama Rabi, ta yi ta zarya a sakatariya har aka ba ta mabuɗin ginin ta mai da shi ɗakin karatun yara. Mace ce 'yar firit, amma in ta sa abu a gaba sai dai ka matsa. Ita ta kori jemagu da hayaƙin barkono, ta sa aka wanke kashin awaki. Yara sun fi arba'in suna zuwa bayan la'asar, littafin da suka fi so kuwa kwafi ɗaya ne tak, ya sha hannu har shafukansa sun fara zubewa. Labarin wata yarinya ne da aka aika kasuwa awon gero, mai awo ya tauye ta da mudun da ya lotsa wa gindi, akuyarta ta tunkuɗe mudun asiri ya tonu. Malama ta same ni a gareji ina saman wata mota.

"Malam Iro, so nake ka ɗauke littafin nan ka mai da shi bango. Shafi takwas ne, barandar ta isa. Kowane yaro ya karanta daga inda yake zaune."

Na ce ni mai zanen zaki ne. Ta ce ai akuya ba ta fi zaki wuya ba. Ta riga ta je wurin malaman unguwa kan batun hoto, sun ce tunda don koyar da yara ne ba za su hana ba, ko da yake ba duka ne suka sake fuska ba. Hotunan cikin littafin sun dushe, ba a gane fuskar kowa, don haka sai na shiga aro. Yarinyar na ba ta fuskar 'yar maƙwabcinmu da izinin ubanta, uwar yarinyar ta ɗauki ta Malama Rabi, sarkin kasuwa kuma wani direba ne abokina da ya yi ta roƙo a sa shi. Da aka zo kan mai awo kowa ya noƙe. Wa zai ba da fuskarsa a yi macuci da ita? Kwana biyu ina kallon farin gurbin da na bari. A rana ta uku ina tsaye daidai inda sikelin nan yake a da, har ramukan ƙusoshinsa suna nan a daɓe, sai fuskar akawun ta zo min ɗanya shar, kamar jiya na gan ta. Na ce ai wannan ya daɗe da barin ƙasar, in ma yana raye. Na zana shi da billensa da yankan girarsa da murmushin nan. Ban taɓa yin aikin da ya fito kamar wannan ba, har na yi alfahari da shi, Allah ya yafe min.

Ranar da aka yaye buhunan da na rufe bangon da su, yara suka yi ta tsalle suna karanta rubutun da ƙarfi. Iyaye sun zo, da wasu tsofaffi da ke zaman inuwar dalbejiyar gaban ginin. Ina lura da su suna bin shafukan ɗaya bayan ɗaya suna murmushi, har suka iso na huɗu. A nan suka tsaya. Wani tsoho mai sanda ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa fentin, ya daɗe, sannan ya juyo.

"Akawu Shehu ne," in ji shi. "Wallahi shi ne. Kuma a gurbinsa."

Ba wanda ya yi dariya. Wani ya kalle ni ya ce, yaro, kana da ƙarfin hali, surukin naka guda. Na tambaye shi wane suruki. Suka kalli juna. Sai a lokacin kaina ya fara haɗa maganar. Uwarku tana cikin matan da suka zo, da goyon Bilkisu a baya da cikin Nafisa wata bakwai. Ta ratso mutane ta tsaya gaban shafin. A ɗakin mahaifiyarta akwai wani tsohon hoto na Alhaji tun yana matashi, wanda ni ban taɓa gani ba tunda suruki ba ya shiga ɗakin surukuwa. Ta gyara goyonta ta kama hannun Auwalu suka tafi gida. Da na koma na rantse mata da abin da duk za a rantse da shi. Ta ce ta ji. Tuwon daren nan ta ajiye min shi a rufe, amma ba ta zauna kusa ba kamar yadda ta saba.

Zancen duniya ba ya ɓuya. Kafin ranar kasuwar Makarfi ta kewayo, direbobin rake sun kai shi har rumfar Alhaji. Mutanen ƙauye suka fara biyowa ta shagon auduga in sun shigo Ikara, ba don karatu ba. Wani zai tsaya ya nuna wa ɗansa, wani ya tofar da yawu ya wuce. Ranar Asabar Lawal ya zo da mota ya ce Innarsu ba ta jin daɗi, tana son ganin Hajara. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba, mutumin da muka ci abinci kwano ɗaya shekara goma. Ta ɗauki Bilkisu da ƙullin kaya kaɗan, ta bar min Auwalu. Na san ba ciwo ba ne, ita ma ta san na sani.

Ranar Litinin na tafi Makarfi biko. Aka bar ni a zaure tun hantsi har aka yi azahar, ko ruwa ba a kawo ba. Lawal ne ya fara fitowa, a tsaye ya yi min magana.

"Nan da Juma'a. In an sauko masallaci fuskar nan tana bangon, ka aiko da takardar ƙanwata. Abin da ke cikinta in ta haihu za a kawo maka."

Na ce, Yaya Lawal, ka san ni, ka san hannuna. Ya ce sanin da ya yi min ne ya sa bai zo da 'yan sanda ba. Muna cikin haka sai na ji tarin Alhaji. Lawal ya kauce, dattijon ya zauna a kan buzunsa, na ƙara sunkuyar da kai na kwashi gaisuwa. Ya amsa a taƙaice. Sannan ya kira sunana.

"Ibrahim, ka san ni ne?"

"Allah ya ƙara maka lafiya, wallahi ban sani ba."

"To a ina ka samo ta?"

Na ce a bakin sikeli, ina ɗan shekara tara. Ban san lokacin da na ɗaga kai ba. Wannan ne karo na farko kuma na ƙarshe da na kalle shi. Ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga. Yankan girar yana nan, billen kuma ga shi yana leƙowa ta saman farin gemu. Ba fushi na gani a fuskar ba, tsoro na gani, kuma da fushin na gani da ya fi min sauƙi. Ya mai da tabaransa ya ce "To," ya tashi ya shiga gida. Ba a bar ni na ga uwarku ba. Ina fita dai na ji kukan Bilkisu ta bayan katanga, na tsaya har ya lafa.

Na dawo Ikara da niyyar in shafe fuskar a yammacin nan a huta. Ina isa na tarar da Baba zaune a barandar, ya shimfiɗa tabarmarsa daidai ƙarƙashin shafi na huɗu, tsofaffi uku sun kewaye shi. Daga Furana aka goyo shi a babur, mutumin da ya shekara biyar bai shigo gari ba saboda wuyansa. Na durƙusa na gaishe shi. Fuskarsa a sake take, rabon da in ga haka har na manta.

"Iro, Allah ya yi maka albarka. Na zaci zan mutu ba shaida."

Na ce, Baba, ban san surukina ba ne. Ya ce shi ya sani.

"Tun ranar ɗaurin aurenku na gane shi. Ya miƙo min hannu na karɓa, na ci goronsa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na haɗiye saboda kai, don na ga kana son yarinyar. Ni na rufe bakina, Allah ya buɗe hannunka. To abin da Allah ya rubuta kai ne za ka goge?"

Na gaya masa sharaɗin Lawal, ban rage komai ba. Na ce Hajara tana da ciki wata bakwai, kuma ba ta tauye kowa ba. Ya murza gemu. Baba yana son uwarku, ita ce take aika masa man zafi da kunun tsamiya duk azumi. Amma sai ya ce mata suna yaji suna dawowa, shi kuwa shekara ashirin da shida yana jiran wannan. Ya ce ba zai tilasta ni ba, ni ba yaro ba ne, sai dai in sani in hannuna ya taɓa fuskar nan to ƙafarsa ta bar gidana. A gidana ya sauka. Kullum da hantsi sai ya sa Auwalu ya ɗaukar masa tabarma su tafi baranda, ba ya tashi sai magariba.

Talata da Laraba ban yi aikin komai ba. Gaba kura, baya sayaki. Malama Rabi ta same ni ta ce an kira ta a ofis, an ce in rigimar ta wuce makon nan za a karɓe mabuɗi. Ba ta ce in goge ba, ba ta ce in bari ba, ta dai ce yara ba su zuwa yanzu, manya sun cinye musu wuri. Na yi tunanin in shafe fuskar da farin fenti kawai, sai na ga kowa zai riƙa nuna gurbin yana faɗin sunan wanda ke ƙarƙashi, ga littafin yara ya zama da mutum marar kai. Na yi tunanin in ƙara masa gemu in toshe billen, to ai shi ne ma zai ƙara kama da Alhajin yau. Wata fuskar ake bukata, cikakkiya, wadda za ta danne ta farko har a daina ganin ta. Kuma duk fuskar da hannuna zai iya yi tana da mai ita, tana da 'ya'ya da dangi. Guda ɗaya ce a duniya ba sai na nemi izinin kowa ba. Zan gaya muku gaskiya, a lissafin nan ban sa ku ba. Na tuna da kaina, na ce zan iya ɗauka, ban tuna cewa ku ma za ku ɗauka ba. Wannan laifina ne, kuma ina neman ku yafe min.

Ranar Alhamis ana sallame asuba na tafi gareji na kwance madubin gefe na wata mota, na ɗauki gwangwanayena. Na rataye madubin a ƙusa kusa da shafin na fara. Sai da na goge hancin sau biyu. Wajen ƙarfe goma na gama. Ina wanke buroshi da kananzir na ji takun sandar Baba. Ya tsaya a bakin baranda, Auwalu a bayansa da tabarma. Ya kalli bangon, ya kalle ni, ya sake kallon bangon. Na durƙusa.

"Ka wanke shi," in ji Baba, a hankali. "Ka wanke shi, ka shafa wa jinina. Yanzu ɗan Tanko ne mai tauye mudu a shagon auduga."

Na ce, Baba, ka yi haƙuri. Ya karɓi tabarmarsa daga hannun Auwalu ya naɗe da kansa, ya sa a hammata, ya nufi inda masu babur suke tsayawa. Na bi shi ina roƙo har bakin titi, mutane suna kallo. Ko gida bai biya ya ɗauki butarsa ba.

Na koma barandar na zauna, ban iya zuwa ko'ina ba. Tsofaffin dalbejiya suka zo suka duba suka watse, ɗaya ya ce Allah ya kyauta. Azahar ta wuce. Dab da la'asar wata bas ta tsaya a bakin titi, sai ga uwarku tana saukowa ita kaɗai, Bilkisu a baya, ƙullin kaya a ka, tana tafiyar masu tsohon ciki. Ban aika wa kowa ba tukuna, don haka na san ba labarin gyaran ne ya kawo ta ba. Ta hau barandar tana haki. Bakinta a buɗe yake za ta yi magana, sai idonta ya faɗa kan bangon.

"Malam, wa ya sa ka?"

"Yayanki ya ce nan da gobe."

Ta sauke ƙullin ta zauna a dakalin.

"Jiya bayan magariba na shiga wurin Baba. Na ce ni 'yarsa ce, aurena ake shirin kashewa, ya gaya min gaskiya tsakaninsa da Allah. Ya ce shi ne. Ya ce abin da aka ce ya yi, ya yi, shekara shida yana yi. Ya ce in tashi da sassafe in zo in gaya maka ka bar shi yadda yake, ko Allah zai sa ya zama kaffara. Ya kira Yaya ya ce kada ya tare ni."

Na ce da sassafe? Ta ce da sassafe.

"Na tashi zan taho, sai na ga kayan Bilkisu duk sun ɓaci, ba ko na sauyawa. Na ce bari in wanke su sha iska, ai wa'adin sai gobe."

Na gaya mata Babana ya riga ya gani, ya tafi. Ta ce in mayar da fuskar yanzu, tun fenti bai bushe ba, ita ta yarda, mai fuskar ma ya yarda. Na ɗauki buroshin har na tsoma. Sai na ga ba zan iya ba. Na farko ban sani ba na yi. Wannan kuwa da sanina zan tsaya in zana uban matata, kakan 'ya'yana, mutumin da na ga tsoro a idonsa, tana zaune tana kallo. Na ajiye. A nan ta fashe da kuka, ni ma ban riƙe nawa ba, Bilkisu ta farka ta taya mu ba ta san dalili ba.

Washegari na tafi Furana na gaya wa Baba cewa Alhaji ya amsa laifinsa da bakinsa. Ya saurare ni har na gama.

"Ya gaya wa 'yarsa a ɗaki," in ji shi. "Ni a bainar jama'a aka tauye ni."

Shekara uku ya ƙara a duniya. In mun je yana amsa gaisuwa, yana ɗaukar ku a cinya, ranar sunan Nafisa ya aiko da zakara. Amma bai sake taka gidana ba, kuma bai sake karɓar man zafin uwarku ba, duk azumi sai a dawo mata da shi a kwalbarsa. Da ciwon ajali ya kama shi na roƙi gafara, ya ce ya yafe min haƙƙin haihuwa duniya da lahira. Na jira ya ambaci bangon, bai ambata ba.

Yara sun dawo karatu, Malama Rabi ta riƙe mabuɗin nan shekara tara, kuma ku ukun a jikin bangon nan kuka fara haɗa baƙi, kuna karanta sunan da ake tsokanar ku da shi. Alhaji bai taɓa tayar da maganar da ni ba, ni ma ban tayar ba. Uwarku kuwa ta ɗora wa kanta abin da ba nata ba. Na sha gaya mata ni na riƙe buroshi, ni na yi gaggawa, da na jira wa'adin ya cika da ta same ni. Sai ta ce da ta shigo motar farko da Baba ya mutu yana cin tuwonta. Shi ya sa ta hana ni faɗa muku, ba don ta rufa wa mahaifinta asiri ba kamar yadda za ku zata. Kunyarku take ji. Kun tashi kun tarar ba a wanki a gidanmu ranar Alhamis, ko da kaya sun kai rufi, kuna yi mata tsiya kuna cewa Inna da camfi. Tana jin ku, sai dai ta yi murmushi ta ce ku bari sai gobe.